Tallafin karatun da ya riƙe Autarmu a jami'a: abin da na gani da idona

Ranar da mutanen gidauniyar da muka nemi tallafin karatun Auta a wajenta za su zo ganin gida, Inna ta so ta aro kujeru a wajen maƙwabta. Ni na hana ta. Na ce, "Inna, ai halin da muke ciki suka zo gani, ki bar su su gani." Haka muka shimfiɗa musu tabarma a ɗakinmu na haya a Agege, ciki da falo, mu biyar a ciki. Su biyu ne, mace da namiji, suka tuɓe takalma a bakin ƙofa suka zauna. Namijin ya tambayi kuɗin haya da wanda ke biya, da abin da ke shigowa gidan a wata. Ita kuwa macen ta ce Auta ta nuna mata inda take karatu. Auta ta nuna mata tsohon akwatin ƙarfen Inna, wanda take ɗora littafi a kai tana zaune a ƙasa, da 'yar fitilar caji a gefe. Matar ta ɗauki littafin da Auta ke gwajin lissafi a ciki, ta yi ta buɗawa shafi-shafi, har ta tsaya a wani wuri ta tambaye ta me ya sa ta warware tambaya ɗaya ta hanya biyu. Auta ta sunkuyar da kai ta ce ta farkon ta ba ta amsa amma ba ta gamsar da ita ba. Matar ba ta ce komai ba, ta dai rubuta wani abu a takardarta.

Ni ce babba a ɗakinmu, kuma malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi da ke nan unguwa. Babanmu dillalin shanu ne a Oko-Oba har Allah ya yi masa rasuwa a 2021. Duk a Legas aka haife mu. Auta ta gama sakandare a 2023, ta ci 251 cikin 400 a jarrabawar JAMB, ta samu gurbin karanta Lissafi a Jami'ar Legas da ke Akoka. Shekarar kuwa kowa ya san yadda ta zo. Ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, kuma a cikinta ne jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin da ɗalibi ke biya. Abin da a da bai wuce dubu 20 da 'yan kai ba ya haura dubu 100, masu shiga ɗakin gwaje-gwaje nasu ya fi haka. Na zauna na haɗa albashina da cinikin ƙosan Inna na safe, na ga ko mun biya na shekarar farko babu abin da zai kai ta makaranta kullum ya dawo da ita.

A allon sanarwa na masallacin Juma'a ƙanena ya ga takardarsu. Wata 'yar gidauniya ce da wasu injiniyoyi da likitoci da ma'aikatan banki suka kafa da kuɗin aljihunsu, suna ɗaukar nauyin ɗaliban kimiyya da lissafi da ke jami'o'in gwamnati a Legas, waɗanda gidajensu ba su da hali. Ba zan kama sunanta ba, domin ina da ƙorafi a kansu, kuma ba na son ƙorafina ya zama bulala a hannun wanda bai san alherinsu ba. Mutanen Agege da Idi Araba da Mile 12 da suka taɓa ganin takardar za su gane ta.

Abin da ya fara burge ni shi ne ma'aunin da suke aunawa da shi. Yawancin tallafin da muka bincika maki suke kallo kawai. Na gidauniyar MTN, alal misali, sai ɗalibi ya kai aji uku da maki 3.5 cikin 5 kafin ya nema, kuma abu ne mai kyau ga wanda ya kai can. To amma ɗan talaka a ajin farko yake faɗuwa, wani ma tun a bakin ƙofa, takardar gurbi na hannunsa kuɗin rajista ya gagara. Na gwamnatocin jihohi kuma na 'yan asalin jiha ne. Mu da aka haifa a nan, a Legas baƙi ne, in mun je gida kuma 'yan Ikko ne, babu wanda ya san fuskarmu a sakatariya. Waɗannan mutane su suka fara tambayarmu me ake ci a gidan kafin su tambayi nawa ta ci a jarrabawa.

Cike fom ɗin dai ya ba mu wahala, gara in faɗa tun yanzu. Sun nemi lambar NIN, takardar gurbin JAMB, sakamakon WAEC, wasiƙar liman ko mai unguwa, da rubutun Turanci na shafi biyu kan dalilin zaɓen kwas ɗin. Duk waɗannan babu laifi. Inda muka sha fama shi ne takardar shaidar rasuwar Baba da takardar shaidar asali. Baba a gida ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa kamar yadda addini ya tanada, ba wanda ya yi tunanin takarda. Sai da na yi rantsuwa a kotu, sannan na je ofishin hukumar ƙidaya, su ne masu rajistar haihuwa da mutuwa. Takardar asali kuwa sai da ƙanena ya hau motar dare ya tafi Arewa, kwana biyar bai dawo ba, kuɗin da ya kashe ya isa kuɗin motar Auta na wata guda. Na tambaye su, tunda mazauna Legas kuke taimaka wa, me ya kawo takardar asali? Suka ce tsarin da suka gada ne. A shekarar da ta biyo baya sun fara karɓar katin LASRRA na mazauna Legas a madadinta, kuma na yaba musu da suka ji magana.

Kuɗin makaranta ba sa ba ɗalibi a hannu. Auta ke ciro takardar biya ta tura musu, su biya kai tsaye, su turo mata rasit. Da farko abin ya ɗan sosa min rai, na ga kamar ba a yarda da mu ba. Daga baya na ga hikimarsa, domin a watan da mai gida ya matsa mana da kuɗin haya, da kuɗin nan na hannunmu Allah kaɗai ya san inda za su tafi. Bayan wannan akwai ɗan kuɗin mota da abinci duk wata, da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu da suka ba ta aro har ta gama. Batirinta ba ya wuce awa ɗaya, amma tana aiki.

Kuɗin nan na wata-wata shi ne babban ƙorafina na farko. A zango na biyu sai da aka yi mako bakwai ba a ga alat ba. Na san kuɗin jama'a ne ake harhaɗawa, wani ya bayar wani ya makara, ban ce su yi abin da ya fi ƙarfinsu ba. Shirun ne ya yi min ciwo. Ba saƙo, ba kira, lambar ofis tana ta ringi ba a ɗagawa. Da an ce mana zai makara zuwa wata kaza, da na san yadda zan tsara. Haka na roƙi uwar adashenmu ta ba ni ɗauka kafin zagayena, na riƙa ba Auta kuɗin danfo kullum da safe. Akwai ranar da ta tafi da kuɗin zuwa da dawowa cif, ba ta sa komai a bakinta ba sai da ta dawo bayan magariba. Da kuɗin suka zo, sun zo duka har da na baya, amma ko kalmar ban haƙuri ba ta biyo su ba. Wannan ya sake faruwa sau ɗaya a aji biyu, na mako uku.

Duk da haka, in aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi amfanar Auta a wannan shiri, ba kuɗin zan nuna ba. Matar nan zan nuna, wadda ta buɗe littafinta ranar ganin gida. Ashe ita aka haɗa ta da ita ta zama jagorarta. Bayarabiya ce, Lissafi ta karanta, tana aiki a wani kamfanin inshora a tsibirin Legas. Auta na ce mata Anti, Inna kuma na ce mata uwar ɗakin Auta. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba, amma Inna ta iya Yarabancin kasuwa, da shi suke gaisawa. Duk ranar Lahadi bayan isha'i take kira, rabin awa, ba fashi. Sau ɗaya a wata kuma tana zuwa makarantar su zauna a bakin ruwa.

Sakamakon zangon farko ya fito da maki 3.1. Sharaɗin gidauniyar 3.5 ne, wanda ya gaza a dakatar da shi. Auta ta ci kwasa-kwasan lissafi da kyau, amma Fiziks da Kemistiri na ajin farko sun ja ta ƙasa. Kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ni kaina na ɗauka magana ta ƙare.

Anti ba ta yi mata faɗa ba, ba ta kuma lallashe ta ba. Cewa ta yi ta samu takarda ta rubuta abin da take yi a kowace awa har kwana bakwai, kada ta ɓoye komai. Na ga takardar nan. Tashi ƙarfe 4:30, taya Inna markaɗen wake. Fita ƙarfe 5:30, danfo daga Agege zuwa Oshodi, wani zuwa Yaba, sannan motar Akoka. Lacca. Dawowa cikin cunkoson yamma, awa biyu da rabi, wata rana uku. Girkin dare, wanke-wanke, wankin yayyenta maza ranar Asabar. A mako guda, awannin da ta zauna da littafi ba su cika shida ba, su ma tana gyangyaɗi. Wallahi da na karanta sai da kunya ta kama ni, domin ina cikin gidan amma ban taɓa lissafawa ba. Muna ta cewa Auta mai ƙoƙari ce, alhali mun ɗora mata kayan da ko namiji ba zai ɗauka ba.

Ranar Asabar Anti ta zo da kanta. Ta durƙusa ta gaida Inna irin gaisuwarsu, ta zauna, ta ce da Yarabanci, "Mama, aron Auta na zo yi, awa uku kullum." Inna ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yata, aikin gidan fa?" Anti ta waiwayo ta dube ni, ta dubi ƙannena maza biyu da ke tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ƙara ko kalma ba. Tun daga ranar girkin dare ya dawo kaina, markaɗe da ɗebo ruwa suka koma kan samarin, kowa kuma ya riƙa wanke kayansa. Ta sa Auta ta daina fitowa da yamma cikin cunkoso ba dalili: ranar da lacca ta ƙare da wuri ta wuce laburare ta yi awa biyu a can. Ta haɗa ta da wasu 'yan mata uku 'yan ajinsu su riƙa bin tambayoyin jarrabawar shekarun baya tare. Ta kuma tilasta mata abin da ya fi mata wuya, wato ƙwanƙwasa ofishin malami ta ce ban gane ba. Auta irin yaran nan ne da aka tarbiyyantar kada su ɗaga ido gaban babba, sai da Anti ta sa ta maimaita abin da za ta faɗa a waya sau uku kafin ta iya zuwa.

Sannan ta rubuta wa gidauniyar wasiƙa ta haɗa da takardar awannin nan, ta nemi a ɗaga wa Auta ƙafa zango ɗaya. Suka yarda. Zango na biyu ta fito da 3.9.

Akwai kuma maganar dangi. Kawunmu da ke Mile 12 ya zo har gida ya ce shi bai ga amfanin mace ta shekara huɗu tana karanta lissafi ba, in likita ce ko nas ya gane, amma wannan ƙarshenta alli da allo, gara a duba maganar wanda ya fito nemanta. Ni malama ce, ban ga aibin alli da allo ba, amma ban da amsar da zan ba shi game da sauran. Anti ce ta ɗauki Auta ranar hutu ta kai ta ofishinsu, ta nuna mata yadda ake ƙididdige abin da mai mota ko mai kanti zai biya na inshora, daga yiwuwar hatsari da gobara, kuma duk lissafin da ake koya musu ne a aji. Ta sa mata manhajar Python, ta rubuta shirye-shiryen kwamfuta, a tsohuwar kwamfutar nan, kyauta ce, tana ba ta ƙananan ayyuka duk mako. Ta ba ta labarin Farfesa Grace Alele-Williams, wadda ta koyar a wannan jami'ar ta Akoka kafin ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, a Benin, a 1985. Auta da kanta ta binciko Farfesa Iya Abubakar, ɗan Adamawa masanin lissafi da ya yi digirin digirgir a Kambirij ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ta kai wa Kawu labarinsa. Daga bakin Anti kuma muka fara jin sunan AIMS, cibiyar lissafi da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Gana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, inda ake ɗaukar nauyin ɗalibi gaba ɗaya ya yi digiri na biyu. Kawu bai ce ya gamsu ba, amma bai sake ɗauko zancen ba, kuma da sallah ya aiko wa Auta da kuɗin data.

To a nan ne ƙorafina mafi nauyi yake, domin ba kowane yaro ne ya dace da irin Anti ba. Ɗan wata ƙawar Inna a Idi Araba, tare aka ɗauke su da Auta, yana karanta ilimin ƙananan halittu. Jagoran da aka haɗa shi da shi sau biyu suka yi magana a shekara, daga nan kullum yana taro ko yana tafiya. Yaron yana gadi da dare a wani shago don ya taimaki uwarsa, ba wanda ya sani a gidauniyar, domin ba wanda ya tambaya. Makinsa ya sauka ƙasa da sharaɗi, babu mai rubuta masa wasiƙa, aka dakatar da shi da saƙon waya mai layi biyu. Kuɗi iri ɗaya aka ba su, gida iri ɗaya suka fito, ƙwaƙwalwa kuma ba zan ce Auta ta fi shi ba. Na faɗa musu a fili a taron iyaye: ku riƙa bibiyar jagororin kamar yadda kuke bibiyar makin yaran, ku ba ɗalibi hanyar da zai ce nawa ba ya ɗaga waya ba tare da tsoron a ce ya yi butulci ba, kuma kada a dakatar da kowa sai an zauna da shi an ji me ya faru. Sun rubuta. Har yanzu dai yaron bai dawo cikin shirin ba. Da bashin NELFUND yake ci gaba.

Tunda na ambace shi, bari in ɗan yi bayani don iyayen da ke tambayata. A watan Mayun 2024 aka buɗe neman wannan bashin karatu na gwamnatin tarayya ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye, da dubu 20 duk wata ga wanda ya nemi na kashewa. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ya kwantar wa da yawanmu hankali ta fuskar addini, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Ya tsamo yara da yawa. Amma bashi ne, za a biya, kuma babu mai kiran ɗanka ranar Lahadi ya tambaye shi awa nawa ya yi barci.

Sai taron da suke yi duk bayan wata uku a wani zaure a Victoria Island. Dole ne ga kowane ɗalibi, amma ba a ba da kuɗin mota, ga shi ana sa ƙarfe goma a fara sha biyu. Abin da ake koyarwa yana da amfani, yadda ake rubuta takardar neman aiki, yadda ake neman wurin koyon aiki na hutu, amma da a Yaba ko Ikeja ake yi da ya fi kusa da inda yaran suke. A taron farko an ɗauki hotunansu aka sa a Instagram da rubutun marayu da marasa galihu a ƙasa. 'Yan ajinsu suka gani. Auta ta dawo tana kuka, ta ce ita ba ta ɓoye maraicinta ba amma ba ta so a yi talla da shi. Anti ta yi magana, wasu iyayen ma suka yi, cikin kwana biyu aka sauke hotunan, kuma yanzu sai an nemi izinin ɗalibi a rubuce.

Wahalar hanya ta ragu tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024. Ranar da lokacinsa ya dace da laccarta, daga tashar Agege take shiga ta sauka a Yaba, da katin Cowry na biyan kuɗin jirgi, ba ruwanta da Oshodi.

Ga mai niyyar nema wa ɗansa ko ƙanensa: ku tanadi takardunku tun kafin sunayen gurbi su fito, musamman shaidar rasuwa in akwai maraici, da katin zaman Legas. Kada ku yi wa ɗakinku kwalliyar aro ranar ganin gida. Ku ajiye kuɗin mota na aƙalla wata biyu a gefe saboda ranar da alat zai makara. Kuma a makon farko ku tambayi yaron sunan jagoransa da ranar da suke magana, in wata ya wuce ba kira, ku je ofishin da ƙafarku.

Yanzu Auta tana aji uku, makinta ya tsaya a kan 4.1, ta kuma cike fom ɗin MTN bana da taimakon Anti. Takardar awannin nan tana nan manne a bayan ƙofa, ta yi dauɗa, an soke wasu layuka an rubuta sababbi. Na baya-bayan nan da ta ƙara shi ne Asabar, ƙarfe 10 zuwa 12, inda take koya wa 'yan matan ajin ƙarshe na sakandare lissafi a Islamiyyar unguwarmu. Su tara ne yanzu, kuma allon makarantar ya tsage, muna neman wanda zai gyara mana shi kafin lokacin WAEC.